Ƙungiyar da Ta Ƙwace Mini Yaye

Assalamu alaikum, ke 'yar nan.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin kwanciyar hankali, ko da yake bango ɗaya ne tsakanina da ke, ina ma jin motsinki kina haɗa kaya. Allah ya kai ki Kaduna lafiya gobe. Ya tsare gabanki da bayanki a wannan hanya tamu, ya kawar da idon duk mai mugun nufi da ke cikin dajin nan, ya sa ki fara aikinki a sa'a. Amin.

Za ki yi mamakin takarda daga wadda kuke kwana gida ɗaya. To, ke ce 'yar fari. Tun da na haife ki ban taɓa kama sunanki ba, ban taɓa zaunar da ke mun yi dogon zance ido da ido ba. Haka aka yi mini tarbiyya, kuma ban iya wata ba. Amma ni malamar firamare ce ko da na yi ritaya, hannuna bai manta biro ba, shi kuwa biro ba ya jin kunyar kowa. Babanku zai miƙa miki ita bayan la'asar.

Kin bar mini magana a hannu. Kin tsaya a bakin ƙofata, kanki a ƙasa, kika ce, "Inna, in kin ce a bar miki shi, zan bar shi." Kina nufin ɗanki Sadiƙu, wanda nake tsokana da maigidana. Ya isa yaye, kowa ya sani. Tun ranar da aka ce kin samu aiki a kamfanin sarrafa hatsi na ɗauka magana ta ƙare: ke ki tafi wajen mijinki ki kama aiki, shi ya zauna wajen kakarsa a yaye shi, kamar yadda aka kai ki Gayam wajen tawa uwar lokacin naki yayen. Na saya masa 'yar katifa. Na tanadi gyaɗa da shinkafar kunu. Na ware masa farar kazar nan mai yawan ƙwai na ce tasa ce. Babu matar da ban gaya wa ba a unguwar nan, har da waɗanda ba su tambaye ni ba. Sai ga shi kin dawo daga horon da kika je kina washe baki, wai ba sai an bar shi ba, wai akwai ƙungiya.

Zan ba ki amsa. Amma sai kin karanta a jere, kada ki juya takardar ki leƙa ƙarshe, na san halinki tun kina aji uku.

Da farko dai ki sani kishi nake yi. Na faɗa, kuma ba zan janye ba. Ina kishin ƙungiyar nan taku ta ma'aikata masu goyo. Yadda kika ba mu labari, wai matan kamfanin ne suka haɗa kansu, Musulmi da Kirista, Hausawa da Yarbawa da Ibo da 'yan kudancin Kaduna, suka je gaban manya suka ce ga matsalarsu. Aka ware musu ɗaki kusa da inda ake cin abinci, aka ɗauko masu raino, aka ba kowace lokacin zuwa ta shayar da ɗanta ba tare da an ce ta yi fashin aiki ba. Kika ce har wani direba da matarsa ta rasu ta bar masa jaririya yana cikin ƙungiyar, ba wanda ya yi masa dariya. Kika ce akwai ta masu lalura, su suka sa aka yi gangare a ƙofar shiga saboda masu keke. Kina faɗa, babanku yana cewa, "Kai, madalla, duniya ta ci gaba." Ni kuwa na ci gaba da tsince shinkafata.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne zancen uwar ɗaki. Wai duk sabuwar ma'aikaciya ƙungiya na haɗa ta da wata babba da za ta riƙa nuna mata hanya, ke kuma aka haɗa ki da Madam Bose. Tun da kika dawo ban huta ba. Madam Bose ta ce a riƙa gaishe da masu gadi. Madam Bose ta ce kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba. Madam Bose ta ce in an tambaye ki daga ina kike, ki ce Birnin Gwari kai tsaye, ki daina fakewa da cewa Kaduna. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ƙona ni. Tun kina sakandare nake aika miki wannan magana ta bakin ƙannenki, cewa mutum ba ya ɓoye garinsu don wasu ɓata-gari sun shiga dajinsa. Ba ki ji ba. Yau baƙuwa ta faɗa sau ɗaya, kin dawo da ita gida kamar sabuwar magana.

Ranar da ta kira ki a waya kika buɗe murya kika miƙo mini, kin ga na karɓa da fara'a. Ta ciki daban ce. Na ji ta kira sunanki gatsal, har da ja masa wutsiya irin ta shagwaɓa, sunan da ni da na yi naƙudarki ban taɓa furtawa ba. Sai ta ce da ni, da Hausarta ta 'yan Kaduna, "Mama, ina wuni, ya gida, ya jiki? Mama kar ki damu fa, yarinyarki tana hannu mai kyau. Shi ma ɗan saurayin za mu riƙe shi kamar namu."

Na ce, "To, Madam, an gode. Allah ya saka."

Ta ce, "Mama, ni ma 'ya'yana biyu a ɗakin nan suka girma. Na farkon kam a ƙarƙashin tebur na ɓoye shi, kafin mu samu ɗakin."

Na ce, "Allah sarki." Na miƙa miki wayar. Na so in same ta da laifi, ko girman kai ko rashin iya magana, ban samu ba. Wannan ma ya ƙara mini haushi.

Bari in gaya miki inda kishin ya samo asali, don kada ki ɗauka tsufa ne kawai.

Lokacin da na haife ki ina koyarwa a Randagi. Mu uku ne mata a cikin malamai: ni, da Malama Rifkatu 'yar wajen Kafanchan, da Malama Talatu 'yar ƙasa, Gbagyi ce, ita ke yi mana tafinta in yaran aji ɗaya sun zo ba su jin Hausa. Allah ya sa mu ukun muka yi goyo kusan lokaci guda. Hedimasta ya kafa doka, ba mai shiga aji da jariri, wai masu duba makarantu za su iya zuwa kowane lokaci. Su masu dubawar kuwa, in damina ta sauka hanya ta lalace, ko babur da ƙyar yake shiga, ba ma ganin ƙeyarsu. Ni nakan bar ki wajen wata tsohuwa mai ƙosai a bayan makaranta. Da an kaɗa ƙararrawar tara sai in kwasa a guje. Wata rana ina rubutu a allo na jiyo kukanki daga nesa, na san muryarki, nono ya zubo ya jiƙa mini gaban riga a gaban 'yan aji huɗu. Na ɗauki littafi na kare ƙirjina na ƙarasa darasin a haka. Yaran ba su yi dariya ba, sun sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi dariyar zafi.

Ga inda muka yi wauta. Mu ukun nan tare muke cin abinci a kwano ɗaya, kullum muna ƙorafin abu ɗaya, amma bai taɓa zo mana a rai mu tashi tare mu shiga ofis ba. A tunaninmu mace mai mutunci ba ta tunkarar namiji da zancen nono. Sai kowaccenmu ta bi hanyar da muka sani, wato ta cikin gida. Ni na kai wa matar hedimasta daddawa, na roƙe ta ta sa baki a ba ni mabuɗin siton da ake ajiye karyayyun benci in riƙa kwantar da ke a ciki. Ashe Talatu ta riga ta kai mata doya a kan siton. Ashe Rifkatu, da ta iya keken ɗinki, tana yi wa 'ya'yan matar kayan salla. Ba wadda ta gaya wa 'yar'uwarta. Ran nan kawai muka ga mabuɗi a hannun Rifkatu.

Kada ki tambaye ni irin kallon da na riƙa yi mata. Kwanon da muke ci tare ya rabu. Ni na ce don ta iya ɗinki ne. Wasu malamai maza suka ce a'a, ai hedimasta yana tsoron a ce ya danne Kirista ne. Talatu ta ce kullum baƙi ake fifitawa a kan 'yan ƙasa. Kin ga yadda mabuɗin sito ɗaya ya tono addini da ƙabila a wurin da da babu su. Ita Rifkatu ta ce mu riƙa kawo ku ciki a ɓoye, ni kuwa zuciya ta hana ni. Da shekara ta zagayo aka yi wa hedimasta canjin wurin aiki, sabon da ya zo ya karɓe mabuɗin ya zuba buhunan masararsa a ciki. Mu ukun muka koma wajen mai ƙosai.

Don haka ki ji ni da kyau. Duk abin da kike buƙata a wurin aikin nan, in kin san ba ke kaɗai ke buƙatarsa ba, kada ki neme shi a matsayin alfarma. Alfarma tana tafiya ranar da mai yin ta ya tafi, kuma kafin ta tafi sai ta raba ki da abokan zamanki. Ki kai maganar gaban ƙungiya, a nema da sunan kowa, a rubuta ta zama ƙa'ida, yadda ko manaja ya canja ɗakin yana nan. Abin da su Madam Bose suka gane ke nan, mu kuwa ba mu gane ba. Ba sun fi mu ƙwaƙwalwa ba ne, ki daina kallona haka. Sun dai samu wanda ya fara cewa a tashi tare.

Akwai wata kuma. A makarantarmu ana kiran mitin na malamai, amma ba a nan ake yanke komai ba. Ana yankewa ne ranar Juma'a, a hanyar dawowa daga masallaci, ko da yamma a bencin mai shayi. A nan ake raba azuzuwa, a nan ake zaɓen wanda za a tura kwas. Mu mata ba ma zuwa bencin mai shayi. Malam Bulus, da yake Kirista ne, ba ya cikin masu dawowa daga masallaci. Sai ranar Litinin mu ji an gama. Ba na cewa mugunta suka shirya, wallahi yawancinsu mutanen kirki ne, ba su ma lura ba ma wurin ba. Ni kuma in an zo mitin an ce, "Akwai mai magana?" sai in yi shiru, ina ganin shirun nan shi ne kamun kai. Haka na yi shekara da shekaru a aji huɗu, ana tura waɗanda na koya wa rubuta tsarin darasi suna zuwa kwas suna dawowa su zama shugabannina.

To ke kada ki gaji wannan shirun, kin gaji isasshen abu a wajena. In an ce akwai mai magana kuma kina da ita, ki miƙe ki faɗa da ladabi, ki zauna. Ki kuma lura da inda ake yanke magana a kamfaninku, domin kowane wurin aiki yana da nasa bencin mai shayi. Amfanin ƙungiya ke nan, ta ce a dawo da zancen inda kowa zai iya zama.

Amma kada ki ɗauka na sallama wa ƙungiyar taku gaba ɗaya. Ina da tambaya, ki kai wa Madam Bose, ki ce daga ni ne. Matan da ke share ofis fa, da masu ɗinke bakin buhu, da masu tsince hatsi da ake ɗauka aikin wucin gadi, su ma suna kai 'ya'yansu ɗakin? Ko na masu rataya kati a wuya ne kawai? Na tambaye ki ran nan kika ce ba ki sani ba. Ki je ki sani. In ba sa ciki, to ƙungiyarku ma ta zama bencin mai shayi, sai dai naku da fanka. Kuma in kin shiga kada ki nemi kusurwar 'yan Arewa ki lafe, kuna gulma da Hausa kuna kallon sauran. Ki zauna kusa da wadda ba ki san yarenta ba. Ranar da Kirista ta nemi a sauya mata aikin Lahadi ki ɗaga hannu ki goya mata baya, ko ba a roƙe ki ba, domin ita za ta ɗaga miki ranar da kike neman wurin salla. Kada kuma ki zama mai zuwa mitin don lemo da cincin. In an ce wa zai share ɗakin raino ranar Asabar, ki ce ke.

Kin gani, ina ta ba ki shawara a kan yadda za ki riƙe abin da nake kishi. Babanku ya leƙo ɗazu ya ce, "Hajiya, wannan rubutu haka, jarrabawa za ki ba ta?" Na ce ya je ya duba awakinsa. Kafin ya tafi ya ce, "Ki bar yarinyar nan ta tafi da ɗanta." Na ce masa ba a tambaye shi ba.

Gaskiya na so in ce ki bar shi. Ina da iko, ke da bakinki kika ba ni. Na san in na faɗa ba za ki musa ba, za ki shiga mota kina share hawaye da gefen mayafi, Madam Bose ta ji labari ta ce ai Mama ta fi mu sanin daidai. Har na shirya abin da zan ce: al'ada ce, yaro ba ya yayuwa yana ganin uwarsa, masu rainon kamfani ba su san shi ba. Duk gaskiya ne. Kuma ina so matan unguwa su ga katifar nan da mai ita a kai.

Ga abin da ya hana ni. Kin tuna ranar kasuwar da kika je sakatariya karɓo takardar shaidar ƙaramar hukuma, kika bar mini shi? Ranar da aka yi ta gudu, aka ce ga su nan sun fito daga daji, daga baya aka gane ba kowa, wasu 'yan babur ne suka shigo da gudu mutane suka tsorata? Da kika dawo kin same mu a tsakar gida yana wasa da murfin tukunya, na ce miki muna gida abin ya faru. Ba a gida muke ba. Muna bakin kasuwa, yana bayana, na je sayen kuka. Da aka watse na ɗaga ƙafa in gudu, gwiwoyin nan suka ce ba su san zancen ba. Ban kai ko shagon mai faci ba na durƙushe. Mutane suna wuce ni ta dama da hagu, shi yana bayana yana dariya, ya ɗauka wasan doki muke yi. Na kwance zanen na rungume shi a ƙirji na jingina da bango ina salati, domin iyakar abin da zan iya yi masa ke nan. Wata mai sayar da manja ce ta dawo ta kama ni muka shiga wani zaure.

Da a ce gaske ne ranar nan, 'yar nan, da ban san me zan gaya miki ba.

Na san kin yi wannan tunanin tun kafin ni. Na san shi ya sa kika riƙa yabon ɗakin raino da fanka da masu raino, don kada ki ce mini, "Inna, garin nan ba lafiya, ke kuma ƙafarki ba ta gudu." Kin yi mini kara, na gode. Uwata ta yaye ki a Gayam lokacin da mace ke tafiya gona ita kaɗai da goyo ta dawo da itace a ka. Ni ba a ba ni wannan zamanin ba, kuma ba a ba ni zamaninku na ƙungiya ba. Na faɗo a tsakiya, shi ya sa kike ganin ina kishin gaba ina kishin baya.

Ki tafi da shi. Amsata ke nan.

Tunda kuwa su za su riƙe shi, to su riƙe shi daidai. Ki gaya wa Madam Bose ta gaya wa masu rainon: ba ya shan kunu da zafi, sai ya huce har ya yi fata a sama. In ya fara jan kunnensa na hagu, barci yake ji, ba ciwo ba ne. Kada su yi ta jijjiga shi, ba ya so. A kwantar da shi a kan ciki, a sa tafin hannu a tsakiyar bayansa, a yi shiru, a bar hannun a wurin har numfashinsa ya sauka. Ko ke ban taɓa gaya miki wannan ba, kina ta mamakin yadda yake barci a wajena ya ƙi a wajenki. Na riƙe shi ne don ya zama akwai abin da sai ni. Yanzu ki kai musu.

Gobe da safe kada ki neme ni. Zan fita da wuri in je duba Malama Talatu, an ce jikinta ya motsa. Babanku zai raka ku tasha. In na tsaya na gan shi a bayanki yana miƙo mini hannu, zan iya canja magana, ke kuma za ki bi.

Allah ya kiyaye hanya, ya sauke ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin daji da na gari. Allah ya sa albarka a aikinki, ya haɗa ki da abokan aiki na gari kowane iri ne, ya raya mini maigidana. Ki gaida mijinki. Ki gaida Madam Bose, ki ce na gode, amma kada ki ƙara mata da komai.

In kun sauka ki kira wayar babanku, zan kasance kusa.

Innarki.